In Gaskiya Ce, Ta Yaya Za Ta Zama Tsegumi?

Wata 'yar'uwa daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta aiko da tambaya bayan wani saɓani da ya taso a zumuntar matan ikilisiyarsu. Ta gaya wa ƙawarta cewa ɗaya daga cikinsu ta kwashi kuɗin adashe sannan ta daina zubi, maganar ta zaga har ta koma kunnen mai ita, aka kira ta mai tsegumi. Ta ce: "Malam, ni ban yi ƙarya ba. In gaskiya na faɗa, ta yaya za ta zama tsegumi?"

'Yar'uwa, Hausa ta ware wa kowane irin ɓarnar baki sunansa, kuma amsarki tana cikin waɗannan sunaye. Ƙazafi shi ne a laƙa wa mutum laifin da bai yi ba. Asalin kalmar Larabci ne, kuma a can tana nufin jifa, wato ka jefi mutum da abin da ba nasa ba. Annamimanci shi ne ɗaukar magana daga wannan a kai wa wancan domin a haɗa su faɗa, shi ya sa ake ce wa annamimi mai baki biyu. Shaidar zur ƙarya ce da aka tsaya aka faɗa a gaban shari'a ko gaban dattawa, ita ce Fitowa 20:16 ta hana a cikin Dokoki Goma. Ba ki yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ya kamata a faɗa miki haka.

Amma akwai giba, wadda ita ce ta fi kusa da abin da muke kira tsegumi ko gulma. Tushenta ɗaya da kalmar gaibu, abin da ba ya gaban ido. Giba ita ce ambaton mutum a bayan idonsa da abin da zai ji zafinsa, ko da kuwa abin ya faru da gaske, domin in bai faru ba to ya tashi daga giba ya koma ƙazafi. Ma'aunin kalmar ke nan: ba a tambayar ko gaskiya ce, ana tambayar ina mai ita yake lokacin da aka faɗa, kuma me mai sauraro zai yi da ita. Malaman Musulunci ne suka shigo da waɗannan kalmomi cikin harshenmu tun da daɗewa, suka zauna daram, har Kirista da Musulmi kowa yana amfani da su ba tare da ya ji baƙuntarsu ba. Bahaushe kuma yana cewa ana cin naman wane, domin wanda ake ci ba ya nan balle ya kāre kansa.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932, bai sassauta wa wannan hali ba. Karin Magana 26:20, littafin da wasu fassarori ke kira Misalai, ya kwatanta mai tsegumi da itacen da ake ƙara wa wuta: in itace ya ƙare wuta ta mutu, in mai kai-kawo ya yi shiru faɗa ya kwanta. Yakubu a sura ta 3 ya ce da harshe ɗaya muke yabon Ubangiji, da shi kuma muke zagin mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah, ya ce bai kamata haka ta kasance ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a majami'unmu shi ne tsegumin da ake sa wa rigar addu'a, inda za a ce "mu tuna da wance a addu'a", sannan a zazzage asirin gidanta kaf kafin a rufe ido. Hanyar da Yesu ya nuna a Matiyu 18:15 ita ce ki je ki sami 'yar'uwar ke da ita kaɗai. In ba ta ji ba, sai ki tafi da mutum ɗaya ko biyu. Tun da kuɗin na ƙungiya ne, uwar adashe tana da hakkin ta sani, amma ƙawarki ba ta da abin yi da labarin sai ta ƙara gaba da shi.

Wani saurayi daga Tibiri kuma ya tambayi ma'anar "magana zarar bunu ce", ya ce yana jin ta a bakin tsofaffi amma bai san bunu ba. Ban yi mamaki ba, ɗana, domin rufin kwano ya mamaye gari. Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce, wadda rana da damina suka dafa har ta yi baƙi. Ina yaro na sha ganin kakata ta miƙa hannu ta zaro 'yan sili daga bakin jinkar ɗaki domin ta hura wuta da asuba. Silin yana fitowa sumul ba gardama, amma da ka yi ƙoƙarin mayar da shi sai ya lanƙwashe ya karye a hannunka, gurbinsa kuma ta nan ruwa zai fara ɗiga. Haka magana take, in ta fita ba ta komawa. 'Yar'uwar wannan karin maganar ita ce "baki shi ke yanka wuya", sai dai wannan tana duban abin da magana ke jawo wa mai faɗinta, waccan kuwa tana duban rashin komawarta. A yau nakan tuna da ita in na ga an tura saƙon murya a zauren WhatsApp na ikilisiya an goge bayan minti biyar, alhali mutum goma sun riga sun saurara, biyu kuma sun tura wa danginsu a Katsina.