Amsa ga ɗan'uwan da aka ce kan jijiyar idonsa ya yi rami

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na aje wayar na yi shiru, kamar bakina ka ara. Ka ce likita ya haska idonka ya ce kan jijiyar gani ya yi rami, kana tambaya ko tabarau ko aiki zai dawo da ganin da ya ragu. Abin da aka faɗa mani ke nan, sai dai ni idon hagu ya kusa ƙarewa kafin in ji.

Tela ne ni a nan Daura. Da ƙaiƙayin hunturu abin ya faro. Na je wajen wani mai kemis, ya miƙo mani 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ina sawa ido ya yi fari tas. Kusan shekara biyu ina saye. Ashe akwai dexamethasone a ciki, wanda in aka daɗe ana ɗigawa yana iya hawar da matsin ruwan ido. Mutumin nan ya san fuskata, ya san yarana, ni ke ɗinka mashi kayan sallah, amma ko sau ɗaya bai ce Malam je asibiti ba. In na ce ina gani hazo-hazo sai ya ce ai zaren allura ne ke gajiyar da ido. Na bar shi da Allah, amma har yau in na biyo layinsa zuciyata tafasa take.

Wata Lahadi na taso daga kasuwar Mai'adua bisa mashin, wata yarinya mai tallar gyaɗa ta fito ta hagu. Ban gan ta ba sam, sai ƙarar faranti a kwalta. Allah ya tsare ba ta ji ciwo ba, tana kuka tana tsintar gyaɗarta, jama'a na ce mani makaho ne kai? Da na isa gida na rufe idon dama da tafin hannu na dubi maiɗakina. Fuskarta kawai na gani, kamar ta cikin bututu. Jaririn da ke cinyarta ban gan shi ba. A daren nan ban runtsa ba.

A Katsina aka auna, matsin ya haura 30, alhali na lafiya tsakanin 10 zuwa 21 yake. Gilakoma ce, hawan jinin ido. Jijiyar nan zare ne sama da miliyan ɗaya suka haɗu a bayan ido, matsin yana kashe su kaɗan-kaɗan ba tare da zafi ba, ganin gefe ke fara tafiya. Ba zan ɓoye maka ba, wanda ya mutu ba ya dawowa. Ba kamar yanar ido ba ce da ake cirewa mutum ya gani. Aikin da ake yi hanya ce ake buɗe wa ruwan don a ceci abin da ya rage, in sun ce a yi kada ka gudu.

Maganinka kada ka tsallake ko da kuɗi sun yi wuya, gara ka ci bashi. Ni timolol nake sawa safe da yamma, latanoprost da dare. In kana da asma ka gaya masu kafin su ba ka timolol. Ka ɗiga, ka rufe ido, ka danna kusurwar da ke wajen hanci kamar minti biyu. Masu cewa ka sa ruwan albasa ko a kwashe maka yana a gida, don Allah ka toshe kunne.

Ka kai 'yan ɗakinku a auna su, abin yana bin jini, musamman wanda ya wuce 40. Yayata sai da na yi mata kuka ta yarda, kuma an gano ciwon a idonta da wuri. Wanda kuma aka ce mashi kan jijiyar kumbura ya yi, ga ciwon kai da amai, wannan daban ne, yana iya zama matsi a cikin kai, kada ya kwana bai je asibiti ba. In an tura ka Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ka je.

Ranar awo ka tafi da wanda zai dawo da kai. In sun ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido sai ka yi awanni kana gani dishi-dishi, kada ka hau mashin. Allah ya tsare maka abin da ya rage.