Tambaya da Amsa: Wane Ganye Ya Dace da Tsakar Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano, muna zaune a gidan haya mai ɗan tsakar gida da aka yi wa daɓen siminti. A farkon daminar bara na sayi irin rozmeri da na tayim na cikin 'yan fakiti saboda yabon da na ji ana yi musu, na shuka a robobi, amma kafin watan Agusta ya ƙare ɗan abin da ya tsiro duk ya yi baƙi ya mutu. Ruwa ma a wurin 'yan garuwa muke saye. Wane ganyen ƙamshi ko na miya zan zaɓa don kada in sake yin asara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kada ki ɗora wa hannunki laifi, domin tsirran nan biyu asalinsu ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, inda ƙasa take da tsakuwa, ruwan sama yake sauka a lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ya zo a bushe. A Kano kuwa zafi da laima tare suke haɗuwa a damina, Agusta kuma shi ne watan da ruwa ya fi yawa, saboda haka saiwarsu ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa har ta ruɓe. Irin rozmeri ma a karan kansa yana da wuyar tsira ko a hannun gwanaye.

Shawarar da nake ba duk wanda ya kawo mini irin wannan tambaya ita ce ya fara duba tukunyarsa kafin ya je kasuwar iri. Ki zauna ki lissafa ganyen da kike aikawa a sayo miki kowane mako, wanda sau da yawa rabinsa yake yaushi kafin ki gama amfani da shi. Shi ya cancanci ruwan da kike saye da kuɗinki. Bayan haka ki yi kwana biyu kina lura da yadda rana take zagaya tsakar gidan, ki gane inda take bugawa tun hantsi har la'asar, da inda katanga take yi wa inuwa bayan azahar, domin kowane ganye da irin wurin da yake so.

Da ni ne a gidan nan, da ɗoɗɗoya zan fara. Tamu ce, ta san zafinmu, kuma ba ta neman komai sai rana ta kamar awa 6 a yini da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ba sai kin nemi iri ba: ki roƙi maƙwabciya reshe mai tsawon tafin hannu, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sun fito, sai ki dasa da yamma. Abin da mutane da yawa ba sa yi shi ne tsinke kan reshe da zarar ya fara fure. Idan aka bar ta ta yi fure ta zuba iri, ganyen yakan ƙanƙance, itacen ya tsufa da wuri, amma idan ana tsinkewa a kai a kai sai kowane reshe ya rabu biyu, ta yi duhu, ki riƙa tsinkar na farfesu da na miya ba tare da ta nuna an taɓa ta ba.

Ta biyu ita ce na'a-na'a, sai dai ita halinta daban ne, ga son ruwa ga ƙin ranar tsaka. Na'a-na'a mafi kyau da na taɓa gani a wani gida ce a cikin birni, inda wata dattijuwa ta ajiye fasasshiyar tukunyar ƙasa a gindin randa. Duk wanda ya ɗebi ruwa da moɗa, ɗan abin da ya zuba a kanta yake sauka, inuwar rumfa kuma tana kare ta, ganyen nan kore shar ko a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40. Ki nema mata wuri irin wannan, kusa da inda ake alwala, kin ga ruwan da a da yake bin kwata ya sami amfani. Amma ki ware mata mazubinta ita kaɗai, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, idan kika haɗa ta da wani ganye za ta mamaye shi.

Lawashi ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙananan albasar da suka fara tsira a kwandonki, ki binne su, ki riƙa yankan ganyen kina barin gindin. Haka ma ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafa shayi da ita, tushe ɗaya aka tsaga aka ba ki ya isa, amma tana son babban mazubi kamar buhun siminti da aka wanke.

Akwai kuma waɗanda lokaci ne sirrinsu. Lansir da kusbara, wato ganyen ƙamshin da ake kira koriyanda da Turanci, ganyen sanyi ne, a shuka su daga Nuwamba zuwa Janairu. Lansir yana tsira cikin kwana 2 ko 3, kuma kafin mako 3 kin fara yanka kina yin kwaɗo, shi ya sa nake son a ba yara shi su shuka da hannunsu. Kusbara ba ta son dashe, a yayyafa ta a inda za ta zauna, kuma da zafin bazara ya shigo za ta miƙe ta yi fure, ganyen ya ƙare. Idan har yanzu ranki yana kan rozmeri, ki sayi wadda ta riga ta kafu a wurin masu sayar da furanni a farkon hunturu, ki yawaita mata yashi, ki rage ban ruwa, damina na faɗuwa ki janye ta ƙarƙashin rumfa.

Game da ƙasa, ki haɗa kashi 2 na ƙasar lambu, kashi 1 na yashi, da kashi 1 na takin awaki ko na shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Kowane bokiti ko jarka a huda masa gindi, kuma a ɗora shi kan bulo, saboda daɓen siminti yana ɗaukar zafi da rana har ya dafa saiwar ta ƙasa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye suna da kyau, amma ban da ruwan sabulu. Ki fara da mazubi 3 ko 4 kawai, in sun kai bazara lafiya sai ki ƙara.

Tambaya: Malam, daga Maraɗi nake rubutowa. Ko citta da tafarnuwa za su yi a buhu a cikin gida?

Amsa: Tafarnuwa za ta yi, ɗan'uwa, in ka shuka ta da shigowar sanyi. Ka ɓare ta, ka zaɓi manyan 'ya'yan, ka soke kowanne da tsininsa a sama, ka jira wata 4 zuwa 5 har ganyen ya fara bushewa. Citta kuwa ta fi wuya a wajenku, domin tana son laima da inuwa da doguwar damina irin ta kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kagarko inda ake nomanta da yawa, kuma tana ɗaukar wata 8 zuwa 10 kafin ta ƙosa. Idan za ka gwada, ka sami ɗanyar citta mai ido, ka binne ta a farkon damina a inuwar bishiya, ka rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa, kuma ka shirya ci gaba da ban ruwa bayan ruwan sama ya ɗauke.