Wa Ya Sassaƙa Gindin Bindigar Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata tsohuwar bindiga da aka sassaƙa suna da jerin garuruwa a katakonta, kusa da ita ga kwanson harsashin igwa mai zanen furanni. Da gaske sojoji ne ke wannan aiki a fagen daga? Kuma ba laifi ba ne soja ya yi wa makamin gwamnati zane?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A ƙa'ida laifi ne, domin bindiga aro ce a hannun soja. Sai dai a yaƙi zaman jira ya fi harbi yawa, kuma mai wuƙa a aljihu ba ya rasa abin fiƙewa.

Inda sassaƙar gindin bindiga ta fi shahara shi ne Yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902. Mayaƙan Boer, wato jikokin Turawan da suka zauna a can, waɗanda suka yaƙi Birtaniya, yawancinsu manoma ne da aka kira daga gonakinsu, ba su da kaki, aka raba musu bindigogin Mauser na Jamus, duk iri ɗaya sak. To, yaya mutum zai gane tasa? Sai ya sa bakin wuƙa ya rubuta sunansa, wani ya ƙara da sunan gonarsa. Wasu sojojin ɓangaren Birtaniya, musamman 'yan Ostireliya da New Zealand, su ma suka shiga yi, suna jera sunayen wuraren da suka gwabza. Ni irin waɗannan nake fi so: haruffa a karkace, wani wurin wuƙar ta zame, wani wurin fili ya ƙare sai aka matse ƙarshen kalma.

Kwanson igwa kuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yawaita shi, 1914 zuwa 1918. Tagulla ce, tana karɓar bugu. Akan cika kwanson da yashi ko dalma don kada ya lotse, a ɗora takardar zane, a bi ta da ƙusa da guduma, ɗigo bayan ɗigo. Shi ma ɗin an hana ɗauka, tunda ana tattara kwansuna a mayar masana'anta a sake cika su.

Amma fa kada ka ɗauka duk mai kyau a cikin ramin yaƙi aka yi shi. Wa zai zauna yana ƙwanƙwasa tagulla abokan gaba na jin sa? Mafi yawa a bayan fage aka yi su, a hannun maƙeran soja, da masu jinya, da fursunonin yaƙi, da leburori 'yan ƙasar Sin da Birtaniya da Faransa suka ɗauko. Bayan yaƙin kuma, mutanen Beljiyam da arewacin Faransa da suka tarar da garuruwansu a rushe suka mai da abin sana'a, suna buga sunayen wuraren da aka gwabza, kamar "Ypres" ko "Verdun", a kwanso suna sayar wa masu ziyarar kaburbura.

In ka samu irinsa a hannu, juya ƙasansa: galibi akwai shekara da alamar masana'anta. Wannan shekarar ƙera kwanson ce, ba ta zanen ba. Kada ka goge shi ya yi ƙyalli, darajarsa kake ragewa. In kuwa kan harsashin mai fashewa yana nan a jikin kwanson, kada ma ka taɓa, ka sanar da hukuma. Har yau manoman can na tono waɗanda ba su fashe ba.