Karen gadi da tuwo da wake kaɗai: amsa ga mai tambaya

Malam, ka ce nama ya yi tsada a Sakkwato, kana so ka riƙa ba karen gadinka tuwon gero, wake da awara kawai, ko zai samu lafiya. Zai rayu, amma ba lallai ya yi lafiya ba.

Kare ba kamar kyanwa ba ne, cikinsa na narkar da hatsin da ya dahu sosai. Shi ya sa a Turai da Amurka ake sayar da abincin kare marar nama, kuma karnuka na zama a kai. Sai dai wancan an auna shi ne a masana'anta, an zuba masa abubuwan da tsirrai ba su da su. Tukunyar gida ba ta yin haka.

Babban kare na buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, aƙalla kashi 18 cikin 100 na busasshen abincinsa, kwikwiyo kuwa 22.5. Gero da dawa ba su kai can ba. Haɗa su da wake ko waken suya yana gyara lamarin, don abin da hatsi ya rasa wake na da shi, amma fa a dafa waken suya har ya nuna, ɗanyensa na hana furotin narkewa ya kuma kawo zawo. Duk da haka giɓi na nan. Bitamin B12 babu shi a tsirrai. Bitamin D kuma fatar kare ba ta samar da shi daga rana yadda tamu ke yi, duk zafin ranar Sakkwato sai dai ya ci. Ƙarancin taurin, wani sinadari da ake samu a nama, na iya raunana zuciya, ka ga kare na haki daga ɗan gudu. Hatsi da dussa na riƙe sinadaran zink da kalsiyam su hana jiki amfana, daga nan gashi ya fara zuba, fata ta yi ɓawo a gefen ido da baki. Abin ba ya bayyana cikin mako guda, sai an shafe watanni, shi ne ke ruɗar mutane.

Kwikwiyo da karya mai ciki ko shayarwa, kada ma a gwada. Ƙafafun kwikwiyo na iya gwamewa.

Idan kuɗi ne matsalar, ba sai tsoka ba. Je mahauta ka sayi huhu, tumbi da zuciya, ka dafa ka cakuɗa da tuwon, su kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Hanta kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, yawanta na cutarwa. Dafaffen ƙwai ko ƙananan kifi ma sun yi. Ɓawon ƙwai a busar a daka lukui, rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na abinci, ya wadatar da kalsiyam. Dafaffen ƙashi kuwa yana tsagewa ya huda hanji.

Ragowar miyarmu ita ce tarkon, tunda albasa ba ta yanke mana. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Goro da zabibi ma guba ne gare shi, haka ƙuliƙuli ko masarar da ta yi funfuna, waɗannan masu funfunar hanta suke kashewa.

In ka ga dasashinsa ya yi fari ko fitsari ya yi ja, kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ranar.