Idon Baba lafiya lau, amma abin da ke hagunsa ya ɓace masa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu, mai shekara 64, ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu makonni biyar da suka wuce. Alhamdu lillahi ƙafar ta fara ɗaukarsa, maganarsa kuma ba ta taɓu ba. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne in an ajiye masa tuwo sai ya cinye rabin kwano na dama ya ce ya ƙare. Yana bugun ƙofa da kafaɗar hagu, in aka gaishe shi ta hagu sai ya amsa yana waigen dama. Mun kai shi an auna ido, an ce lafiya. Shi kuma ya dage babu abin da ke damunsa. Yayyena sun ce da gangan yake yi, ƙanwarsa ta ce shafar aljanu ce, har an kawo wani mai magani ya ba da na ɗigawa a ido, ya ce a dakatar da na asibiti. Ina tsoron kada makanta ce ko ruɗewar tsufa. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan lura. Abu biyu ba za su jira gobe ba. A daina ɗiga masa wannan magani, sannan a auna jininsa yau a koma da shi wurin likitan da ya rubuta masa magunguna, a gaya masa kwana nawa aka yi ba a sha ba. Wanda ya taɓa samun shanyewar jiki yana cikin haɗarin ta biyu, musamman a watannin farko, kuma binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo ta a yankinmu.

Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da larurar da ake kira watsi da ɓangaren hagu. Tabbatarwa sai an duba shi, amma alamun sun cika. Ciwo ne na mayar da hankali, mazauninsa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai awon ido bai ga komai ba.

Ido karɓar haske yake yi ya mayar da shi saƙo. Saƙon yana fita ta jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya a kowane ido. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin biyu suna haɗuwa, kusan rabin zaren ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ta yadda duk abin da ke hagun mutum, ko da wane ido ya kalle shi, ɓarin ƙwaƙwalwa na dama yake zuwa. Babbar cibiyar gani ta farko a wajen ƙeya take. Daga can hanya ta rabu biyu, kamar yadda masana ƙwaƙwalwa Ungerleider da Mishkin suka bayyana a 1982: ɗaya ta gangara wajen kunne tana tantance mene ne abin, ɗaya ta hau sama tana tantance ina yake. A gefen wannan ta biyu, sama da kunne ta wajen baya, akwai sassan da ke karkatar da hankali zuwa wuri. Babbar jijiyar jini ta tsakiyar ƙwaƙwalwa ce ke shayar da su, kuma ita ce shanyewar jiki ta fi kamawa.

Dalilin da ya sa hagu ne ke ɓacewa shi ne rabon aikin ba daidai yake ba. Ki ɗauka gida ne mai ƙofa biyu da masu gadi biyu: ɓarin dama yana lura da ƙofofin duka, ɓarin hagu kuwa ƙofar dama kaɗai ya sani. In na hagu ya kwanta ciwo, ɗan'uwansa ya rufa masa. In na dama ne ya kwanta, ƙofar hagu ba ta da kowa. Sashen magana kuma a wurin yawancin mutane a ɓarin hagu yake, shi ya sa Baba ke magana tiryan-tiryan, har ya sa 'yan'uwa suke ganin ai hankalinsa ɗaya.

A nan ne zan daɗe, domin kuskuren da ke cutar da irin waɗannan marasa lafiya kullum guda ɗaya ne: ɗaukar cewa gani a ido yake. Da zarar an yarda da haka, sai lissafin ya tafi a karkace. In ba ya gani, to idon ne, a nemo maganin ido. In an ce ido lafiya, to ƙarya yake yi. In kuma dattijo ne da ba a iya ƙaryatawa, to aljanu ne. Duka ukun sun shigo gidanku a cikin makonni biyar.

Ki ɗauki misalin maganin ɗigawa. Kwalbar da ba ta da suna, ba wanda ya san abin da ke cikinta. Da yawa daga magungunan ido da ake saye ba tare da takardar likita ba suna ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda a wasu mutane yake ɗaga matsin ruwan ido cikin 'yan makonni, ya jawo gilakoma, ciwon da ke cinye jijiyar gani ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na haɗin gida, ruwan ganye ko gari, yana iya ƙona baƙin ido ko ya sa masa ƙwayar cuta. Wato mutumin da ya zo da ido lafiyayye ana iya makantar da shi da gaske garin neman maganin makantar da ba shi da ita. Kuma duk mai maganin da sharaɗinsa na farko shi ne a ajiye na asibiti, ya riga ya nuna ko bai san abin da ke kashe mai hawan jini ba, ko bai damu ba. Wanda bai taɓa ganin hoton ƙwaƙwalwar Baba ba, bai auna jininsa ba, da wace hujja zai soke maganin da ke tsare shi?

Zargin ganganci ya fi ciwo, don daga 'ya'yansa yake fitowa. Musun da Baba ke yi yana cikin ciwon. Likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana shi tun 1914: mutum hannunsa a shanye, ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma har zuciyarsa haka ya sani. Sashen da ya kamata ya ba shi labarin cewa wani abu ya ɓace yana cikin waɗanda suka taɓu. Makaho ya san akwai duniya a gabansa, yana lalube. Mai wannan larura ba ya jin an rage masa komai, rabin kwanon da ya gani shi ne kwanon. Tsawa da gori ba sa gyara wannan, sai dai su sa dattijo ya ƙi abinci, ya ƙi motsa jiki, ya shiga baƙin ciki, wanda dama yana yawan biyo bayan shanyewar jiki.

Game da aljanu, babu likitan kirki da zai hana a yi wa mara lafiya addu'a ko a karanta masa Alƙur'ani. Abin da muke ƙi shi ne turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da duka, da ɗura masa ruwan magani alhali haɗiyarsa ba ta gama dawowa ba, ruwan ya bi ta huhu ya zama ciwon huhu. Larurar da ake iya nuna wurinta a hoton CT, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'ura, wadda ke bin tsari iri ɗaya a Kano da Milan da Landan, ba ta buƙatar a nemo mata wani bayani.

Akwai shaida cewa saƙon yana isa. A 1988 masu bincike John Marshall da Peter Halligan sun nuna wa wata mai wannan larura zanen gidaje biyu, ɗaya wuta na ci a hagunsa. Ta ce duk ɗaya ne. Da aka tambaye ta wanne za ta zauna a ciki, mafi yawan lokuta sai ta zaɓi wanda ba wuta. Ƙwaƙwalwa ta karɓa, hankali ne bai kai wurin ba.

Tsoronki na ruɗewar tsufa kuma, abin da kika faɗa bai nuna ta ba. Ita a hankali take shigowa cikin shekaru, tana fara cin sabbin abubuwa, mutum ya maimaita tambaya, ya manta ya ci abinci. Na Baba dare ɗaya ya zo, kuma gefe ɗaya ya kama. Sai dai yana iya taɓa yadda ake tuno abu. A 1978 masu binciken Italiya Bisiach da Luzzatti sun ce wa marasa lafiya biyu su ƙiyasta suna tsaye a babban dandalin Milan suna fuskantar babbar majami'ar da ke wurin, su lissafa gine-gine. Sai suka lissafa na dama. Aka ce su ƙiyasta sun juya baya ga majami'ar, sai suka kawo waɗanda suka bari ɗazu, suka bar na farko. Ajiyar tana nan cikakkiya, ɗaukowar ce ta karkace.

Kina iya gwadawa a gida, takarda a daidai tsakiyar ƙirjinsa. Ja layi mai tsawon santimita 20 ki ce ya sa alama a tsakiya. Za ki ga ta gusa dama. Watsa gajerun layuka 40 a faɗin shafi ki ce ya soke kowanne. Zana da'ira ya cika lambobin agogo, sau da yawa duk sai su cunkushe a dama. Ki lura da karatunsa ma: a boko farkon layi zai tsallake, a Alƙur'ani kuwa ƙarshen layi zai bari, tunda shi ne a hagu. Ki rubuta kwanan wata a kowace takarda, ki maimaita duk mako, ki kai wa likita. Ki kuma nemi a yi masa awon faɗin gani, domin allon haruffa tsakiyar gani kawai yake aunawa, kuma wasu suna haɗa wannan larura da yankewar rabin gani na ainihi.

Sauƙi mafi yawa yana zuwa ne a watanni uku na farko, wasu kuma abin yana daɗe musu, saboda haka makonnin nan da ake ɓatawa wurin mai magani su ne masu tsada. A kai shi sashen fisiyo, wato na motsa gaɓoɓi a asibiti, a faɗa musu wannan matsalar da baki, kada a tsaya kan ƙafa kawai. A gida, manna jan tef a gefen hagu na tire da na shafi, a koya masa ya juya kai har sai ya ga ja kafin ya fara ci ko karatu. Masu gaisuwa su zauna ta hagunsa, a taɓa kafaɗar, a kira sunansa. A sa shi ya motsa hannun hagu a gefen hagu, ko yatsa ɗaya ne, domin hakan na jawo hankali wurin. Minti 10 zuwa 15 sau da yawa a rana ya fi awa guda a jere, kuma da safe ya fi, don gajiya da gyangyaɗi suna ƙara larurar. Amma in zai zauna shi kaɗai, ruwa da waya a ajiye su a damansa. Akwai horo da tabarau mai karkatar da gani da digiri 10 zuwa dama, wanda Rossetti da abokan aikinsa suka fara a Faransa a 1998. Sakamakon gwaje-gwajen da suka biyo baya ya bambanta, kuma tabaran kasuwa ba shi ba ne.

Ku kula da ɓarin da ya manta. Hannun na iya rataya, ya shiga tayar keken guragu, ko ya kwanta kan murhun gawayi bai sani ba. Kada a ɗaga shi ta wannan hannun, kafaɗar tana gocewa. Bayan cin abinci a duba kumatun hagu, abinci na maƙalewa a nan. Tuƙin mota ko babur babu shi, duk yadda ya rantse yana gani, kuma kada ya tsallaka titi shi kaɗai: a hanyoyinmu motar da ta fi kusa da mai tsallakawa ta hagu take zuwa.

In kuka ga baki ya sake karkacewa, magana ta sarƙe, wani hannu ya saki, ko ciwon kai mai tsanani ya zo farat ɗaya, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku nufi asibitin da ke da na'urar CT kai tsaye. Kada a ba shi asfirin ko wani abin sha a hanya, domin sai hoto ya nuna ko toshewa ce ko fashewar jijiya, kuma allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.