Re: Larabcin makaranta zai ishe ni bincike kan juyin juya halin Masar?

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, ka yi digiri a Larabci, kana son yin mastas kan boren Masar na 2011, kana tambaya ko fusha, wato Larabcin makaranta, kaɗai ta wadatar.

Don karanta jaridu irin su Al-Ahram da takardun gwamnati, eh ta wadatar. Amma mutanen da suka cika dandalin Tahrir na Alƙahira har Shugaba Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu ba da fusha suke hira ba, ammiyya, wato Larabcin gargajiya da ake hirar yau da kullum da shi, suke yi. Duba takensu ma, "aish, hurriyya, adala ijtima'iyya" (aish, 'yanci, adalci a cikin al'umma), mu a makaranta aish rayuwa muka sani, a bakin Bamisire kuwa burodi ne, kuma tsadar burodi na cikin abin da ya tunzura talakawa. Ka ga idan ba ka san wannan ba rabin maganar ta wuce ka. Don haka tun yanzu ka fara sauraron hirarrakinsu a YouTube kullum, ko na rabin awa ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne dogaro da tasha ɗaya. Al Jazeera ta Katar ce, Al Arabiya ta Saudiyya, kan kifar da Shugaban Masar Mursi a 2013 kowacce da inda ta karkata, sai ka haɗa su ka auna. Sannan kar ka ɗauki Masar ka yi wa duk Larabawa hukunci da ita, Tunisiya daban, Siriya daban.

Batun zuwa Masar yin tambayoyi kuwa, don Allah kar ka yanke shi kai kaɗai. A 2016 an kashe Giulio Regeni, ɗalibin Cambridge da ke bincike kan ƙungiyoyin ƙwadago a Alƙahira. Zauna da malamin da ke duba aikinka tukuna, ku duba maganar izini da tsaron waɗanda za ka yi hira da su.