Tambaya da Amsa: Gardamar Kwantam a Ajin Dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi da ɗan abin da ya shafi kimiyya a ajin dare na manya a nan Jidda, yawancin ɗalibaina ma'aikatan masana'antu ne da direbobi. Sun ga bidiyo a waya ana cewa wai kimiyyar kwantam, wadda ke nazarin ƙwayoyi mafi ƙanƙanta, ta tabbatar da cewa tunanin mutum na sauya abubuwa, kuma su masanan ma kansu bai haɗu ba. Ina gaskiyar take, kuma yaya zan nuna musu alhali ba mu da ɗakin gwaji?

Daga wani malamin ajin dare, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa ajin albarka. Saɓanin yana nan, amma ba a kan lissafi ba. Duk sun yarda da abin da gwaji zai bayar. Ma'anarsa ake ja a kai.

Kada ka fara da sunayen Turawa. Wanda ya wuni a tsaye gaban inji, abin da zai riƙa a hannu yake so. Ka samo kwamfutar cinya mai allon LCD da tabarau biyu na rana, irin masu tace haske waɗanda direbobi ke saye don ƙyallin kwalta. Buɗe farin shafi, ƙure hasken allon, kashe fitilar ɗaki. Riƙe tabarau na farko a gaban allon kana juya shi sannu a hankali har gilashin ya yi baƙi ƙirin, ka tsaya a nan. Hasken allon ta fuska ɗaya yake kaɗawa, tabarau kuwa ya gitta masa da digiri 90.

Sai ka tambaye su: in an ƙara tabarau na biyu, duhun zai ƙaru ko zai ragu? Bari kowa ya faɗi nasa tukuna. Sannan ka zura shi tsakanin allon da na farkon, a karkace da digiri 45. Haske zai dawo. A lissafi rabi ke wuce na tsakiya, rabin wannan rabin ya wuce na waje, wato kashi ɗaya cikin huɗu. A ido zai gaza haka, domin gilashin kansa mai duhu ne.

Inda ake samun tangarɗa: tabarau da yawa rini kawai aka yi musu, ko ka juya ba sa yin baƙi, don haka ka gwada kafin ka biya. Allon waya ba abin dogaro ba ne, wasu ba sa duhu gaba ɗaya. A kwamfutoci da dama duhun a karkace yake zuwa, ka neme shi da juyi. In kuma ka sa tabarau na biyu ta gefen idonka maimakon tsakiya, duhu zai ci gaba. Wannan ma ka nuna musu, don su ga jerin yana da tasiri.

Gaskiyar magana, Malus na Faransa ya fitar da wannan lissafi tun 1809, babu kwantam a ciki. Kwantam na shigowa ne in an rage haske har ƙwayarsa, foton, ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Gilashin tace haske ba ya raba ƙwaya gida biyu: ko ta wuce ko ta tsaya, kuma a digiri 45 babu mai iya faɗin wadda za ta wuce. Wadda ta wuce kuwa ta rabu da tsohuwar fuskarta.

Nan manyan masana Einstein da Bohr suka raba gari, tun taron masana kimiyya na Solvay na 1927 a Brussels. Einstein na ganin bayanin kwantam bai cika ba, akwai abin da ya ɓuya. A 1935 shi da Podolsky da Rosen suka rubuta hujjarsu. Bohr ya ce bayanin cikakke ne. A 1964 John Bell ya nuna yadda gwaji zai raba gardamar, Clauser da Freedman suka gwada a 1972, Aspect a 1982. Sakamakon ya rushe zaton cewa kowace ƙwaya na tafe da amsarta a ɓoye, ba ruwanta da abin da ke faruwa a nesa. A kan wannan aiki aka ba Clauser da Aspect da Zeilinger kyautar Nobel ta 2022. Amma gardamar ma'ana ba ta ƙare ba: fassarorin da suka bambanta da ta Bohr, kamar ta Bohm ta 1952 da ta Everett ta 1957, suna nan da magoya bayansu.

Batun tunani kuwa, babu gwajin da ya nuna shi. Da ido ko ba ido, tabarau zai yi aikinsa. Ka ɗauki hoto kowa ya juya baya, sakamakon ɗaya ne. Raba ajin mutum huɗu-huɗu, kowa ya juya gilashin da hannunsa, ka bar tarihin gardamar zuwa zama na gaba.